Yawon Buɗe Ido a Elmina: Garin da Gishiri Ke Rayawa, Yake Kuma Ci

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowace tafiya ce ke buɗe shi daidai da 'yar'uwarta ba. Wanda ya ratsa gari cikin mota, gilasai a rufe, idonsa kaɗai ne ya yi tafiyar. Wanda ya ratsa shi a kan babur kuwa, da fatarsa da hancinsa da harshensa duk sun shaida abin da ke wurin. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga iyalin da suka nufi Elmina, tsohon garin nan na bakin Tekun Atlantika a ƙasar Gana, domin abin da ya fi kome tasiri a rayuwar garin, tun kafin a gan shi da ido ake jin sa a leɓe. Wannan abu kuwa shi ne gishiri.

Elmina tana wajen kilomita 12 yamma da Cape Coast, ita kuma Cape Coast tana kimanin kilomita 150 yamma da Akra, babban birnin ƙasar. A ɗauka iyali ne na mutum huɗu suka taso daga Cape Coast da hantsi: maigida da 'yarsa a kan babur ɗaya, babban ɗa da mahaifiyarsa a kan ɗayan. Wannan maƙala za ta bi su zango-zango, ta bayyana abin da ilmin kimiyya ya gano game da abubuwan da za su tarar, tun daga iskar hanya har zuwa bangon gidan bayi.

Iskar da ke ɗauke da gishiri

Hanyar tana bin gaɓa ne, teku na hagu, itatuwan kwakwa a jere. Abu na farko da matafiyan za su lura da shi shi ne iska mai sanyi da ke bugo su daga wajen ruwa da zarar rana ta ɗaga. Dalilinta shi ne ruwa yana da jinkirin ɗaukar zafi. Zafin da ake bukata a ɗumama kilo ɗaya na ruwa ya kai kusan ninki biyar na wanda ake bukata ga kilo ɗaya na busasshen yashi. Saboda haka tudu yakan riga teku yin zafi, iskar da ke kansa ta yi sauƙi ta tashi sama, sai ta kan teku mai sanyi ta kwararo ta maye gurbinta. Da dare al'amarin yakan juya, iska ta riƙa fita daga tudu zuwa teku.

Wannan iska ba ta zuwa hannu sake. Kowace lita ta ruwan teku tana ƙunshe da kimanin giram 35 na gishiri iri-iri, mafi yawansa irin wanda ake sa wa miya. Duk lokacin da igiyar ruwa ta fashe a gaɓa, dubban kumfa ne ke fashewa tare da ita, kowane kumfa kuma yana watsa ɗigo ƙanana ƙwarai cikin iska. Ɗigon yakan bushe yana tafe, ya bar ƙwayar gishiri wadda ta fi ƙura ƙanƙanta. Ita ce ke sa madubin babur ya dushe, fata ta yi danƙo, leɓe ya yi ɗanɗanon gishiri, musamman ranar da teku ke tashi. Yarinya za ta iya tambaya, "Baba, ai ba mu shiga ruwa ba, ina muka samo gishiri?" Amsar ita ce, duk abin da ke bakin teku, mutum ko ƙarfe ko dutse, cikin wannan yayyafi marar ganuwa yake kwana yake tashi.

Zango na farko: tudun St. Jago

Ya fi kyau baƙo ya fara da hawa tudun St. Jago, domin daga can ne ake ganin garin kamar a tafin hannu. Ta kudu ga teku. Ta yamma ga tafkin Benya, wanda bakinsa ke haɗe da tekun. A tsakaninsu akwai wani siririn tsiri na dutse, a ƙarshensa kuma ga farar kagarar nan da ta sa sunan garin ya zaga duniya.

Jiragen Turawan Fotugal sun iso wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya mai yawa a hannun mutanen wurin, har suka kira yankin A Mina, watau mahaƙa. Daga nan sunan Elmina ya samo asali, ko da yake 'yan ƙasa Edina suke kiran garinsu. A watan Janairu na 1482, Diogo de Azambuja ya iso da mutum wajen 600, sojoji da magina, ya fara ginin kagarar São Jorge. Ita ce mafi tsufa cikin gine-ginen Turawa da suka rage a Afirka kudu da Sahara.

Wurin da suka zaɓa ya nuna sun san abin da suke yi. Tsirin dutse ne, saboda haka harsashin ginin yana kan fa, ba kan yashi ba. Ruwa ya kare shi ta ɓangarori biyu, bakin tafkin kuma mafaka ce ga ƙananan jirage. Abu guda suka raina, shi ne wannan tudu da ke kallon kagarar daga sama. A 1637 mutanen Holan suka ja igwa suka hau da ita kan tudun, suka yi ta ruwan wuta har 'yan Fotugal suka miƙa wuya. Don kada a yi musu abin da suka yi wa wasu, sai suka gina wata ƙaramar kagara a kan tudun a shekarun 1660, suka sa mata suna Coenraadsburg. Ita ce iyalin ke tsaye a gindinta.

Zango na biyu: tafkin Benya

In aka gangaro daga tudun aka tsaya a gadar da ta ratsa bakin tafkin, za a ga ɗaruruwan jiragen masunta, masu fenti kala-kala da tutoci. Gindin kowane jirgi daga gungumen itace guda aka sassaƙo shi, itacen da ake kira wawa a can, sa'an nan aka ƙara masa katako a gefe. A nan ne gishiri ke nuna fuskarsa ta alheri.

A bayan gari, gefen tafkin, akwai faffaɗan kwamaye marasa zurfi inda ake shigar da ruwan teku a bar wa rana. Wanda ya san yadda ake yin gishiri a Bilma ba zai ga baƙon abu ba, domin ka'idar ɗaya ce: rana ta kwashe ruwa, ta bar abin da ya narke a ciki. Sai dai ba a lokaci guda kome ke daskarewa ba. Da farko sinadarin alli ne ke kwantawa, sa'an nan wani farin dutse mai laushi da ake kira jifsam. Gishirin ci ba ya fara fitowa sai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ya tafi. Abin da ya rage bayansa ruwa ne mai ɗaci, saboda sinadarin maganiziyam. Shi ya sa masu sana'ar ke tura ruwan daga wannan kwami zuwa wancan, don su tsame gishirin shi kaɗai, ba tare da na farko da na ƙarshe ba.

Shi kuma gishirin, kifi yake wa aiki. In aka barbaɗa shi a jikin ɗanyen kifi, yakan zuƙo ruwan da ke cikin tsokar, ya kuma zuƙe na jikin ƙwayoyin halittar da ke sa ruɓa, su kasa hayayyafa. Da gishiri da banda ne kifin gaɓar nan ke kaiwa kasuwannin cikin ƙasa tun kafin a san ƙanƙara.

Yawan kifin kansa yana da lokaci. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙarƙashin teku mai sanyi yakan taso sama a gaɓar Gana, ɗauke da takin da ya kwanta a ƙasa. Ƙananan tsirran ruwa su yi yawa, kifaye dangin sadin su biyo su garke-garke. Bikin Bakatue na mutanen Elmina, wanda ake yi ranar Talatar farko ta watan Yuli, ya dace da farkon wannan kaka. Kafin bikin akan hana su a tafkin na wasu makonni, kuma bisa al'ada ba a fita teku ranar Talata. Masana halittun ruwa na ganin hikima a irin wannan hutu, domin yana ba kifi sararin hayayyafa. Da kamun sadin ya ja baya ƙwarai saboda yawan su, gwamnatin Gana ta sanya wa masu ƙananan jirage hutun wata guda a 2019.

Zango na uku: cikin kagara

A bakin kagara ake ajiye babura a shiga da ƙafa, kuma a nan hira kan ɗauke. Da fari zinariya ake ajiyewa a ɗakunan ƙasa na ginin. Har ma a zamanin farko 'yan Fotugal kan kawo bayi daga wasu gaɓoɓi su sayar a Elmina su karɓi zinariya. Amma daga ƙarni na 17, da gonakin rake suka bunƙasa a nahiyar Amurka, sai ɗakunan kaya suka koma kurkukun mutane, maza daban, mata daban. Daga cikin mutum kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage daga Afirka zuwa hayin Atlantika, sama da miliyan ɗaya daga wannan gaɓa ta Gana aka ɗebe su. Holan ba ta haramta cinikin ba sai a 1814.

Mai ziyara zai ga kaurin bangon, da ƙanƙantar kafofin iska, da siririyar ƙofar da ake fitar da mutane ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ruwa. Ɗakin da aka yi don dilolin tufafi ba ya bukatar iska, amma ɗan Adam yana fitar da zafi da gumi da gurɓatacciyar iska kowane numfashi. In aka cusa mutane da yawa a irin wannan ɗaki na makonni, ba makewayi, ba ruwa mai tsabta, atini da zazzaɓi ne ke bi ta kansu. Da yawa a nan suka cika, ba su ko ga jirgin ba. A saman waɗannan ɗakuna kuwa gwamna yake zaune, tagoginsa a buɗe suna shan iskar teku.

Ingila ta karɓi kagarar daga hannun Holan a 1872. Wani ɓangare na mutanen gari, waɗanda ke da ƙawance da Asante, suka ƙi sabon mai mulki. Ranar 13 ga Yuni, 1873, Ingilishi suka yi wa tsohon garin ruwan igwa suka ƙone shi, ba a kuma sake gina shi a wurin ba. Cikin rundunar Ingila a gaɓar a wannan yaƙi har da dakarun Hausa da aka kawo daga Legas, irin waɗanda John Glover ya fara tarawa a shekarun 1860. Filin da ke gaban kagarar, inda baƙi ke ajiye ababen hawa, kufai ne. Masanin tona tarihi Christopher DeCorse ya fara haƙa a wurin a tsakiyar shekarun 1980, ya tono harsashin gidajen dutse, da tukwane, da duwatsun wuya, da lofen taba. A cikin kagarar kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can a wuce da shi tsibiran Seshel a 1900. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya kagarar, tare da sauran irinta na gaɓar Gana, cikin wuraren tarihi na duniya.

Yadda gishiri ke cin bango

Ginin da ya ga duk wannan yana da abokin gaba wanda ba ya hutawa. In mai ziyara ya duba gindin bango, zai ga inda shafe ya kumbura ya ɓare, da inda dutse ya koma gari. Maginan ƙasar Hausa sun san irin wannan ciwo a gindin katangar da ke kan ƙasa mai kanwa.

Dutse da tubali suna da ƙananan ƙofofi a jikinsu kamar soso. Ruwa mai gishiri yakan shiga, ko daga yayyafin iska ko ya hauro daga ƙasa. In rana ta busar da ruwan, gishirin ya daskare a cikin ƙofar, ƙwayarsa tana girma tana tura jikin dutsen. Tura ɗaya ba ta kome. Amma gishirin ci yana da wani hali: da laimar iska ta wuce kashi 75 cikin 100, sai ya jawo ruwa daga iskar ya narke da kansa. Shi ya sa gishirin uwargida ke jiƙewa da damina. A bakin teku laima takan haura wannan iyaka da dare, ta kan kuma sauko ƙasa da ita a jikin bangon da rana ta gasa, ko a lokacin hunturu. Ke nan gishirin yana narkewa yana daskarewa sau da yawa a shekara, kowane karo yana ƙara tsaga. Yau da gobe, in ji masu iya magana, ba ta bar kome ba.

Maganin da magabata suka samo shi ne farar ƙasar da ake yi da ɓawon kawa. Akan ƙona ɓawon, a jiƙa tokar da ruwa, a yi kwaɓin gini da shafe da ita. In ta sha iska sai ta jawo iskar kabon-dayoksaid, a hankali ta koma dutse irin na ɓawon da ta fito daga ciki. Amfaninta shi ne ta fi dutsen ginin laushi da yawan ƙofofi, saboda haka a jikinta ruwa ke bushewa, a jikinta gishiri ke taruwa. Ita ke lalacewa a madadin bango, a kankare ta a sake wata. Farin da ake gani a kagarar ke nan, ba ado ne kawai ba. Siminti kuwa, duk da ƙarfinsa, yakan toshe numfashin tsohon bango, ya tsare ruwa da gishiri a ciki, dutsen ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Don haka masu gyaran tsofaffin gine-gine ke guje masa.

Igwa da babur: ciwo ɗaya

A saman bangon akwai tsofaffin igwogi, jikinsu ya yi ja, yana ɓarewa falle-falle. Abin da ya same su shi ne ke jiran baburan da aka bari a waje.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a kansa. Ɗigon ruwa a jikin ƙarfe tamkar ƙaramin batir ne: a wani gefe ƙarfen yana narkewa yana sakin ilektiron, a ɗaya gefen oksijin yana karɓa. Ruwa mai tsabta ba ya gudanar da lantarki sosai, sai aikin ya yi jinkiri. Ruwan gishiri kuwa yana gudanar da shi ƙwarai. Bugu da ƙari, sinadarin kiloraid da ke cikin gishiri yana huda siririyar fatar da kan kare ƙarfe, kuma tun da gishirin na jawo laima, ƙarfen ba ya bushewa ko da ba a yi ruwan sama ba. Shi ya sa babur ɗin da ya shekara biyar a Agadas ko Katsina yana ƙyalli zai iya yin ja cikin 'yan watanni a bakin teku. Ita tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga ciki girma fiye da ninki biyu, dalilin da ya sa rodin da ya yi tsatsa ke fasa ginshiƙin kankare daga ciki, kamar yadda ake gani a gidajen gaɓa.

Saboda haka in an dawo gida, sai a wanke babur da ruwan daɗi, musamman sarƙa da salansa da wayoyin ƙafa da ƙarƙashin inji, a bari ya bushe kafin a rufe shi da tamfol. A sa wa sarƙa mai, a shafa giris a kan batir, amma kada mai ya taɓa burki. Kada a hau da shi kan rairayin bakin ruwa don ɗaukar hoto. A kan hanya kuma a tuna iskar nan tana watso yashi kan kwalta, yashi kuwa yana rage kamun taya. In gudu ya ninka biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya yakan ninka huɗu. Dokar hanya ta Gana ta wajabta hular kwano ga direba da wanda ya goya, bincike kuma ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, na raunin kai da wajen kashi 70. Mutum biyu ga kowane babur shi ne ƙa'ida, ko da yaran ƙanana ne.

Teku mai cin ƙasa

A hanyar komawa iyalin za su ga inda aka jibge manyan duwatsu a gaɓa don tare ruwa. Igiyoyin tekun nan suna bugun gaɓa a karkace, daga kudu maso yamma, saboda haka kullum suna tura yashi gabas. Muddin wanda ke zuwa ya yi daidai da wanda ke tafiya, gaɓa tana nan. In aka ɗebi yashin gini daga bakin ruwa, ko aka tare shi a wani wuri, sai teku ya ci tudu ya cike giɓin. Garin Keta da ke gabashin ƙasar shaida ne. Bayan kammala madatsar Akosombo a kan kogin Bolta a 1965, yashin da kogin ke kawowa ya ragu, zaizaya ta ƙaru, a 1980 teku ya rushe babban ɓangare na kagarar Prinzenstein wadda mutanen Denmak suka gina a 1784. Ita a kan yashi take, ta Elmina a kan fa. Daɗin daɗawa, tsayin teku a duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ƙaruwar ya daɗu a shekarun baya-bayan nan. Fa zai kare kagarar, amma unguwannin masunta da kwamayen gishiri a ƙasa-ƙasa suke.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga sinadari guda ne ke ciyar da masu gishiri da masu bandar kifi na Elmina, shi ne kuma ke marmashe bangon kagararta, yana cin igwoginta da rodin gidajenta. Ba yadda za a raba garin da shi, sai dai a san halinsa a zauna da shi: a shafe tsohon bango da farar ƙasa a kan kari, a bar yashin gaɓa a inda yake, a ba teku hutun da zai mayar da kifinsa. Kula da kagarar yana hannun hukumar gidajen tarihi ta Gana, kuma aiki ne da ba ya ƙarewa, domin bangon da aka yi sakaci da shi shekara goma yana iya rasa abin da ya riƙe shekara 500. Abin da za a rasa kuwa ya wuce dutse. Mutanen da suka bi ta siririyar ƙofar nan ba su bar kabari ko suna ba, waɗannan ɗakuna su ne shaidar da ta rage a kansu.